Wanda Ya Je Wurin Turji Ya Dawo

A farkon watan Agusta na 2022 hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, ta ci gidan talabijin na Trust TV tarar naira miliyan 5. Laifin da aka ɗora masa wani shiri ne da ya nuna tun cikin watan Maris, inda aka ga Bello Turji zaune a dajin Shinkafi, sanye da kaki, yaransa sun kewaye shi da bindigogi, wani ɗan jarida yana jefa masa tambayoyi da Hausa. Hukumar ta ce wannan kambama ta'addanci ne. Sunan ɗan jaridar Abdulaziz Abdulaziz, mutumin Fagge ta birnin Kano, wanda a lokacin yana cikin manyan editocin Daily Trust.

Ga mazaunin Legas ko Abuja, abin mamakin shi ne yadda mutum ya shiga wannan daji ya fito da kansa bisa wuyansa. Mutumin Galadi ko Kware ko Badarawa kuwa wani abu dabam ne ya ba shi mamaki: wai sai da baƙo ya taso daga Abuja da kamara sannan ƙasa ta gaskata cewa wanda ke aiko musu da saƙon haraji yana da fuska, yana da murya, kuma an san inda yake kwana.

Ba yau ne matafiya suka fara ratsa wannan yanki da zuciya a hannu ba. A ƙarshen watan Maris na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina zai je ganin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya bi ta Zurmi, ya sauka Badarawa, ya wuce Isa, sannan ya faɗa dajin Gundumi, inda ayari ke tafiya dare da rana babu sauka saboda tsoron mahayan Gobir. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bauta tun yana ƙarami, daga baya abokin tafiyar Barth, Overweg, ya 'yanta shi. Wannan yaro ya je Timbuktu, ya ƙetare Sahara, ya isa Landan a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, ya riƙa ba shi labarin tafiyarsa da Hausa yana rubutawa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Barth duniya ta sani, har tituna aka sa wa sunansa. Dorugu sai 'yan nazari. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk tafiyar kasada tana da nata Dorugun.

Bayan zuwan Turawa hanyar ta lafa. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga da ƙiraga. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta bunƙasa har fatake daga Maraɗi da sauran garuruwan Nijar suka mai da ita gida. Shekaru da dama mutum kan tashi daga Kaura da la'asar sakaliya, ya bi ta Moriki, ya yi isha'i a Shinkafi, abin da ke ransa bai wuce ramukan hanya ba.

A cikin wannan zaman lafiya ne matafiyi mai kawo labari ya sake kama, ya zama ma'aikaci mai albashi. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ranar 13 ga Maris 1957 Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe sashen Hausa na BBC. Rediyon Kaduna ta fara aiki a 1962, kuma daga cikinta ne aka sami irin su Halilu Ahmed Getso, masu rataya rakoda su shiga ƙauye su miƙa wa talaka makirfo, su koma su tsare ɗan siyasa da abin da talakan ya faɗa. Bahaushe ya saba da wannan tsari: wani ya je inda ba ka iya zuwa, ya dawo ya gaya maka ta akwatin rediyo kana shan koko. Bambancin zamaninmu shi ne wurin da ba a iya zuwa ya daina zama Landan. Ya zama bayan garinku.

Abdulaziz bai fara da daji ba. Ya yi wakilcin jaridun Turanci daga Kano, Leadership da Blueprint, ya kuma taɓa zama mai magana da yawun Nuhu Ribadu lokacin da tsohon shugaban EFCC ɗin ke neman kujerar siyasa. Sunansa ya fita ƙasa ne a watan Yuli na 2018 a Premium Times, da ya bankaɗo cewa takardar ɗauke wa mutum hidimar ƙasa da ministar kuɗi Kemi Adeosun ke amfani da ita ta jabu ce. Fadar shugaban ƙasa ta yi gum na makonni, jaridar ta ƙi sakin maganar, a tsakiyar Satumba ministar ta ajiye aiki, tana cewa ita ma ba ta san takardar ba ta gaskiya ba ce. A ƙarshen wannan shekara aka ba shi kyautar Wole Soyinka ta binciken ƙwaƙwaf. Wannan aikin tebur ne, na bin sa hannu da kwanan wata da lambar takarda, irin wanda haɗarinsa bai wuce kotu da barazanar waya ba. Amma ya nuna halin mutumin: ba ya gamsuwa da sanarwar hukuma sai ya taɓa abin da hannunsa.

Lokacin da ya koma Daily Trust, Zamfara ta yi kusan shekara goma tana ci da wuta. Masanin tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Murtala Ahmed Rufa'i, wanda ya daɗe yana shiga rugage yana hira da 'yan bindiga, ya kai tushen ƙungiyar farko zuwa wajen 2011, zamanin Kundu da Buharin Daji. Abin ya faro da satar shanu. Manoma suka kafa 'yan sa-kai, 'yan sa-kai suka shiga kama Fulani a kasuwanni suna yankewa ba shari'a, Fulani suka sayar da abin da ya rage musu suka sayi bindiga. Burtali da makiyaya an riga an raba su gonaki, alƙali da ɗan sanda sun riga sun mai da makiyayi saniyar tatsa, bindigogin da suka fantsama bayan rushewar Libiya a 2011 suna shigowa ta iyakar Nijar, ga zinare a Anka da Maru yana jan kowane irin mutum. Da shanun sata suka yi ƙaranci aka koma satar mutane. Da aka kashe Buharin Daji a watan Maris na 2018, maimakon wutar ta mutu sai ta rabu gida-gida, kowane yaro mai babura goma ya zama kachalla.

Duk tsawon wannan lokaci, yadda labarin ke isa kunnen jama'a kusan iri ɗaya ne. A kai hari da dare, da safe wani mazaunin garin da ya nemi a sakaya sunansa ya gaya wa BBC ko Muryar Amurka ta waya cewa sun yi jana'izar mutum kaza, kakakin 'yan sanda a Gusau ya rage adadin, a rufe da cewa ƙura ta lafa. Maharan kuwa ba su da suna, 'yan bindiga ne kawai, kamar wasu aljanu da ke fitowa daga ƙasa su koma. Wasu na cewa baƙi ne daga Mali, wasu na cewa Boko Haram ce ta sauya riga. Mutanen Shinkafi sun san ba haka ba ne, sun san iyayen yaran, sun san rugar da aka haife su, amma ba wanda ya tambaye su, kuma wanda ya faɗa da ƙarfi ya san abin da zai biyo baya.

Shekarar 2021 ce ta fasa ƙwan. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A farkon Fabrairu Sheikh Ahmad Gumi ya shiga dazukan Tubali da Makkai a ƙaramar hukumar Shinkafi ya yi wa ɗaruruwan 'yan bindiga wa'azi, hotuna suka bazu. Tubalin nan, ga masu son waƙa, ita ce mahaifar Narambaɗa. A watan ne Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci satar Ƙanƙara, ya miƙa makamai a Gusau ya rantse da Alƙur'ani, Daily Trust ta yi hira da shi, bai cika wata uku ba ya koma daji, aka harbe shi a dajin Dumburum ta ƙasar Zurmi. Ranar 26 ga Fabrairu aka sace 'yan mata 279 a Jangebe. A watan Yuli NBC ta rubuta wa gidajen rediyo da talabijin cewa su daina ba da cikakken bayanin hare-hare. A farkon Satumba aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Jiha guda ta yi shiru. Mai ɗan'uwa a Kaura sai dai ya jira direban da ya fito ya tambaye shi. A cikin wannan shiru aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo a Oktoba aka kashe mutane da dama, a farkon Disamba aka ƙona matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, yankin da kowa ya san ƙarƙashin ikon Turji yake. A ƙarshen wannan shekara, bayan kotu ta riga ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, jiragen yaƙi na shawagi, Abdulaziz ya shiga wurinsa.

Irin wannan tafiya tana da ƙa'idojinta, kuma duk wanda ya yi ta ya san ba jarumtarsa ce ke kai shi ba. Sai an sami mai shiga tsakani wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, wani dattijon Fulani ko malami ko mai sarauta. Sai an yi ta aike ana jira, a sa rana a ɗaga. Mota tana tsayawa inda kwalta ta ƙare, saura a bayan babur, a hannun yaron da ba ka san abin da ya sha da safe ba. Daga lokacin da ka hau, ranka amana ce a hannun mai masaukinka. Ba ka san ko wata daba da ke gaba da shi za ta tare hanya ba, ba ka san ko matuƙin jirgin da ke sama zai bambance ɗan jarida da ɗan bindiga ba. Sannan ga abin da ya fi duka nauyi: za ka zauna gaban mutumin da ake zargi da ƙona mata da yara, ka yi masa sallama, ka sha ruwansa, ka kuma tambaye shi me ya sa, da muryar da ba za ta fusata shi ba kuma ba za ta zama ta bafade ba.

Abin da Turji ya faɗa, a taƙaice, kukan da kowane kachalla ke yi ne. An sace shanun gidansu, 'yan sa-kai sun kashe masa 'yan'uwa, sun kai ƙara ba a share musu hawaye ba, don haka ya ɗauki bindiga ya kare kansa da danginsa. Ya musanta alaƙa da Boko Haram. Ya nuna shi mai son sulhu ne in za a daina kashe Fulani. A cikin wannan akwai gaskiya, domin kisan gillar da 'yan sa-kai suka yi a kasuwannin yankin ba ƙage ba ne, akwai kuma ƙarya mai kauri, domin manomin da aka harbe a gonarsa a Kurya ko matar da aka ƙona a mota ba su taɓa ganin saniyar gidan su Turji ba. Amfanin hirar shi ne ta ajiye gaskiyar da ƙaryar gefe da gefe inda kowa zai gani. Wanda ya kalla ya fahimci cewa abokin gabar ƙasa matashi ne ɗan yankin, mai Hausar Zamfara a bakinsa, wanda ke lissafi kamar ɗan siyasa, yana kuma son a san da shi. Ya kuma fahimci cewa inda ɗan jarida da babur ya isa, hukuma ba za ta ce ba ta san wurin ba. A ganina wannan na biyun ne ya fi yi wa gwamnati ciwo.

Wata huɗu bayan haka, ranar 25 ga Yuli 2022, sashen binciken BBC na Afirka ya saki nasa shirin. Wanda ya yi shi Yusuf Anka ne, matashi ɗan Zamfara mai karatun lauya, wanda ya yi shekaru yana bin ƙauyukan jiharsa da kamara. A ciki Ado Aleru ya faɗa ba tare da ƙifta ido ba cewa satar mutane aikin yaransa ne, shi kisa yake yi. Kwana tara kafin nan aka naɗa wannan mutum Sarkin Fulanin 'Yandoto da rana tsaka, abin da ya sa aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Wani kuma, Abu Sanni, ya ce shi ya kitsa satar 'yan matan Jangebe, an biya su naira miliyan 60, sun sayi bindigogi da kuɗin, alhali gwamnatin jiha ta sha rantsuwa ba ta biya ko kwabo ba. Ministan watsa labarai Lai Mohammed ya fito ya ce BBC da Trust TV ba za su sha ba. Kwanaki kaɗan NBC ta yanka tarar miliyan biyar-biyar ga Trust TV da kamfanonin tauraron ɗan'adam uku da suka ɗauko shirin BBC, wato MultiChoice da StarTimes da TSTV.

Kada a ɗauka masu suka duk 'yan koren gwamnati ne. Kadaria Ahmed, wadda ita ma tsohuwar ma'aikaciyar BBC ce, tushenta Zamfara, kuma ita ta jagoranci zanga-zangar kashe-kashen Zamfara a Abuja a watan Afrilun 2019, ta rubuta suka mai zafi kan shirin BBC. Hujjarta ita ce ɗan ta'adda da talla yake rayuwa, kuma BBC ba za ta taɓa ba wanda ya kashe Turawa a Ingila irin wannan fili ba. Wannan magana ce mai nauyi. Duk wanda ya san yadda yaran daji ke gasar suna, yadda kachalla ke auna girmansa da yawan masu tsoronsa, ya san fitowa a talabijin wani rawani ne. Yaron da ke kiwo a gefen Sububu, in ya ga hoton a wayar wansa, ba darasin tsaro zai ɗauka ba.

Sai dai ƙasar nan ta daɗe da sanin wannan muhawara, tun kafin talabijin. Zurmi ce ta haifi Kassu, makaɗin 'yan tauri da mafarauta wanda bai bar ɓarayi a baya ba, Kabi kuma ta haifi Gambo wanda sunansa ma mai waƙar ɓarayi ne. Malamai sun yi ta faɗa da su, kaset ɗinsu bai daina sayuwa ba. A ƙarshen 2021 ma, kafin kowa ya ga hirar Trust TV, waƙar yabon Turji ta riga ta gama wayoyin Arewa. Wato rawanin da ake tsoron talabijin za ta naɗa masa, maroƙa sun riga sun naɗa. Abin da maroƙi ba ya yi shi ne tambaya. Ba ya cewa to mutanen motar fa? Ba ya komawa gari ya ji ta bakin wanda aka kashe wa ɗa, ya jera maganarsa kusa da ta gwanin nasa. Ɗan jarida ne kaɗai, cikin duk masu zuwa wurin kachalla, aikinsa ya tilasta masa yin haka. Mai sulhu yana lallashi, dillalin makamai yana ciniki, ɗan siyasa yana neman a bar akwatinsa ya wuce.

Inda nake da ja da waɗannan tafiye-tafiye wani wuri ne dabam. Mutum ya kalli yadda aka karɓi shirye-shiryen biyu: guntayen da suka yi yawo a WhatsApp na kachalloli ne, ba na zawarawa da marayu ba, ko da yake an nuna su. Idon mai kallo bindiga yake bi. Sannan hirar da Hausa aka yi ta, amma an shirya ta da fassarar Turanci don masu yanke shawara a Abuja, mutanen da abin ya shafa kuwa a lokacin da yawansu ko sabis ba su gama samu ba. Ga kuma Dorugun tafiyar: mai babur ɗin da ya san hanya, dattijon da ya sa wuyansa jingina, wakilin jarida na Gusau ko Kaura da ya haɗa waya. Dole a ɓoye sunayensu don tsaron ransu, na yarda. Amma baƙo ya koma Abuja, su suna nan, kuma in hirar ta ɓata wa kachalla rai ko ta ja hankalin jami'an tsaro, ƙofarsu za a ƙwanƙwasa. Direban da ke ɗaukar fasinja daga Kaura zuwa Shinkafi kowace Alhamis yana yin kasadar da ta fi wannan sau hamsin a shekara, ladansa kuɗin mota.

Kasada kuwa jari ce, kamar yadda ta kasance tun zamanin Barth. Wanda ya je ya dawo yakan zama abin gayyata. Abdulaziz ya zama ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da ake kira gidajen rediyo da talabijin da tarukan masana su yi bayanin wane ne wane a daji, wa ke gaba da wa, me ya raba Turji da Halilu Sububu da Dogo Giɗe. A watan Janairu na 2022 shi da Murtala Rufa'i da wani mai bincike Ba'amurke, James Barnett, suka fitar da dogon nazari a mujallar cibiyar nazarin ta'addanci ta makarantar sojan Amurka da ke West Point. Abin da suka nuna shi ne masu iƙirarin jihadi sun yi ta zawarcin 'yan bindigar Arewa maso Yamma, amma galibin kachalloli sun ƙi miƙa wuya, domin ba su son shugaba a kansu kuma kuɗi ya fi aƙida jan hankalinsu. Wannan sani ne da ba a samunsa daga tebur, kuma yana da amfani ga duk mai son ya san irin maganin da ciwon ke buƙata. Ko masu gayyatar sun yi aiki da abin da suka ji, wannan sai a tambayi mutanen Zurmi, waɗanda a 2022 gwamnatin jiha ta tuɓe musu sarki bisa zargin hannu a harkar, hare-haren kuma ba su tsaya ba.

Daga nan sai hanyar ta yi kwana irin wadda 'yan jaridar Najeriya suka saba yi. Kafin zaɓen 2023 sunan Abdulaziz ya fara fitowa a ƙasan sanarwar ofishin watsa labaran Bola Tinubu, bayan rantsuwa kuma aka naɗa shi babban mataimaki na musamman ga shugaban ƙasa kan jaridu. Tsohon maigidansa Ribadu ya zama mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Bello Matawalle, gwamnan da aka katse waya a zamaninsa, ya zama ƙaramin ministan tsaro. Jam'iyyar da ministanta ya yi alwashin hukunta Trust TV ita ce ɗan jaridar ya koma yi wa aiki. Ba na ganin wannan abin jifa ne. Imam kansa ya bar Gaskiya Ta Fi Kwabo ya shiga hukumar ɗaukar ma'aikata, kuma albashin jarida a ƙasar nan ba ya riƙe gida. Wataƙila ma gara mai ba shugaba labari ya zama wanda ya taɓa shaƙar ƙurar Shinkafi. Illa dai kujerar da ya bari ba ta sami mai zama da yawa ba. Editan da ya ga an ci maƙwabcinsa miliyan 5 zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu a takardar tafiya daji.

Kotu ta zo daga baya ta wanke su. A watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara, a farkon 2024 kuma wata shari'ar ta soke tarar da aka yanka kan shirye-shiryen 'yan bindigar. Amma kafin nan daji ya riga ya gano ba ya buƙatar baƙo. Wayar da aka katse ta dawo, kachalloli da yaransu suka buɗe shafuka a TikTok, suna nuna damman kuɗin fansa, suna hira kai tsaye da masu kallo, har da rabon kyauta ga wanda ya aiko lambar asusu. Turji kan sa a ɗauke shi bidiyo duk lokacin da ya ga dama, ya zargi wanda ya so, ya yi barazana ga garin da ya so, ya yanka wa Moriki harajin miliyoyi, faifan ya kai Kano kafin azahar. A watan Agusta na 2024 duniya ta ga Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ɗaure cikin jini yana roƙon a cece shi, kwanaki kaɗan kafin a ji rasuwarsa. Waɗanda suka kama shi su suka riƙe kamarar, su suka zaɓi abin da zai faɗa. Hukumar NBC ba ta da adireshin da za ta aika wa takardar tara.

Sojoji sun kashe Halilu Sububu a watan Satumba na wannan shekarar, gwamnatin Dauda Lawal ta kafa Askarawan Zamfara, ana ta gwabzawa. A tsakiyar shekarar ce kuma ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa. Wannan a ƙasar fadamar Gagare da Bunsuru, inda ake noma gero da shinkafa da albasa tun kafin Barth ya wuce, inda yanzu manomi sai ya biya kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe.